Santa Fe: Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi

Duk littafin jagorar matafiya da ya yi maganar Santa Fe, babban birnin jihar Niyu Meziko a kudu maso yammacin Amurka, jeri ɗaya yake kawowa. Zai fara da dandalin tsakiyar gari da Fadar Gwamnoni, ya bi da titin Canyon mai cike da shagunan zane-zane, da gidan tarihin mai zane Georgia O'Keeffe, da cocin Loretto mai matakala murɗaɗɗiya. Daga nan sai ya ba da shawarar tafiyar yini guda zuwa kogwannin dutse na Bandelier ko tsohon garin Taos. A ƙarshe ya rufe da jimlar da aka saba: wai nan ne al'adu uku, ta 'yan asalin ƙasa da ta Sifaniyawa da ta Turawan Amurka, suka haɗu suka zauna lafiya shekara ɗari huɗu.

Wuraren suna nan, kyansu kuma ba ƙarya ba ne. Birnin yana kwance a gindin duwatsun Sangre de Cristo, sama da mita 2,000 bisa teku, inda iska take a bushe kuma hasken rana yake da kaifin da ya janyo masu zane tun farkon ƙarni na 20. An kafa shi a 1610, don haka babu hedikwatar jiha a Amurka da ta girme shi. A 2005 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin biranen fasaha na duniya. Jimlar ƙarshen ce take da matsala, domin a kanta aka ɗora dukkan cinikin. Kusan duk abin da baƙo yake biyan kuɗi ya gani a Santa Fe, wasu mutane ne suka samar da shi, wasu daban suke cin gajiyarsa mafi tsoka, kuma an shirya yawon ne ta yadda baƙon zai koma gida bai lura da haka ba.

Birnin da aka sake wa fuska

Abin da ya fi ɗaukar idon mai zuwa shi ne kamannin gari. Ko'ina gine-gine ne masu launin ƙasa, gajeru, masu rufin soro da kusurwoyi masu laushi, ga kawunan gungumen katako sun leƙo daga bango, ga indararo. Baƙo zai ɗauka haka garin yake tun fil azal. Wannan kamanni kuwa shawara ce da wasu mutane ƙalilan suka yanke shekara ɗari da 'yan kai da suka wuce, kuma dalilinsu na kasuwanci ne.

A 1880 babban layin dogo da ya ratsa yankin ya kauce wa Santa Fe, ya bi ta wani ƙauye mai suna Lamy, aka bar birnin da ɗan reshe. Ciniki ya koma Albuquerque, gari ya fara mutuwa a tsaye. A wancan zamani manyan gari ƙyamar ginin ƙasa suke yi. Suna neman a amince da yankin a matsayin cikakkiyar jiha, don haka suka duƙufa ga gini da jan bulo da rufin kwano irin na gabashin Amurka, don kada a riƙa yi musu kallon ƙauyawan Meziko. Da aka samu jihar a 1912, sai lissafi ya juya. Wasu masu binciken kayan tarihi da ke kewaye da Edgar Lee Hewett, shugaban gidan tarihin jihar, tare da 'yan kasuwar gari, suka gane cewa abin da ake gudu shi ne kaɗai hajar da Santa Fe take da ita wadda sauran birane ba su da ita. A shekarar aka fitar da tsarin raya birni da ya ba da shawarar komawa ga tsohon fasali domin janyo masu yawon buɗe ido.

Ita kanta barandar Fadar Gwamnoni, wadda ake ɗauka hoto a matsayin abin da ya fi komai tsufa, an gina ta ne a gyaran da aka yi tsakanin 1909 da 1913, bayan an rushe wadda take wurin saboda ta yi kama da ta Turawa. Gidan tarihin zane-zane da aka buɗe a 1917 kuwa, an kwaikwayi fuskarsa daga tsoffin majami'un da ke garuruwan Pueblo, wato al'ummun asali masu zama a garuruwa na dindindin a yankin. Ɗaya daga cikinsu ita ce majami'ar Acoma, wadda mutanen garin suka gina a ƙarni na 17 bisa tilas, suna ɗauko gungumen rufinta a kafaɗa daga wani tsauni mai nisa. Wahalar kakanninsu ita aka mayar ado. A 1957 majalisar birni ta kafa doka da ta wajabta wannan fasali a tsohon gari.

Kalmar da suke kiran bulon ƙasa da ita, adobe, ta shiga Sifaniyanci daga Larabci, daga aɗ-ɗub, kuma Bahaushe zai ji amon tubali a cikinta. Duk wanda ya san tsohon garin Agadas, ko Birnin Damagaram, ko lungunan cikin ganuwar Kano, ya san cewa ginin ƙasa da hannun mutane yake rayuwa. Sai an yi masa yaɓe kafin damina, sai akwai magina da suka gaji sana'ar, sai akwai iyali a ciki da za su lura da tsagewa tun tana ƙarama. A ƙauyen Ranchos de Taos har yanzu jama'a kan taru duk shekara su yaɓe majami'arsu da laka da ciyawa. A Santa Fe kuwa, mafi yawan abin da ido yake gani katako ne ko bulon siminti da aka shafe da filasta aka yi wa fenti ruwan ƙasa. Bankuna da otal-otal da wuraren ajiye motoci duk sun sa wannan riga. Dokar 1957 ta tsare launi da siffa, amma ba ta ce komai ba game da magini, balle iyalin da ke cikin gidan. Masanin gine-gine Chris Wilson ya bi diddigin wannan labari a littafin da ya fitar a 1997, ya kuma sa masa suna da ke nufin tatsuniyar Santa Fe.

Abin da dandali ya gani

Maganar zaman lafiyar al'adu uku ba ta jure tsayuwar minti goma a dandalin gari, in har mai tsayuwar ya san abin da ya faru a wurin. Kafin zuwan Sifaniyawa, mutanen Tewa suna da mazauni a nan, suna kiransa Oga Po'geh. Sifaniyawa sun shigo yankin a 1598 ƙarƙashin Juan de Oñate, wanda a shekarar da ta biyo baya ya murƙushe Acoma ya kuma yanke hukuncin sare ƙafa ɗaya ga mazajen da aka kama. Abin da ya biyo baya shi ne haraji na masara da mayafai, da aikin tilas, da hana ibadar gargajiya. A 1675 aka kama shugabannin addini 47 na Pueblo da zargin tsafi, aka rataye wasu, aka yi wa sauran bulala a Santa Fe.

Cikin waɗanda aka yi wa bulalar akwai wani mutumin Ohkay Owingeh mai suna Po'pay. Shi ne ya haɗa kan garuruwa masu harsuna dabam-dabam, aka aika 'yan gudu da igiyoyi masu ƙulli, kowace safiya a kwance ƙulli ɗaya har ranar da aka tsayar. A watan Agustan 1680 suka tashi gaba ɗaya. An kashe Sifaniyawa kimanin 400, ciki har da limaman coci 21, sauran suka gudu kudu zuwa El Paso. Shekara 12 mutanen Pueblo suna riƙe da ƙasarsu, suka mayar da Fadar Gwamnoni gidajen zama. Masana tarihi da dama suna ganin babu wani boren 'yan asalin ƙasa a Arewacin Amurka da ya kai wannan nasara, kuma shi ne babban dalilin da ya sa har yau garuruwan Pueblo 19 suke da harsunansu da ibadarsu.

A 1692 Diego de Vargas ya dawo, ya shiga gari ba tare da yaƙi ba. Wannan shigar ce birnin ya shafe kusan ƙarni guda yana kwaikwayo a bikinsa na watan Satumba, mutane sanye da sulke a kan dawakai, ana shelar cewa an karɓi gari cikin lumana. Wasan bai taɓa nuna abin da ya faru a watan Disambar 1693 ba, lokacin da de Vargas ya dawo da iyalai masu zama, mutanen Pueblo suka ƙi ba da gari, aka ƙwace shi da ƙarfi, aka kashe mazaje 70 da aka kama, aka raba mata da yara kimanin 400 a matsayin bayi. Sai a 2018, bayan zanga-zangar shekaru, aka daina wasan. A tsakiyar dandalin kuma a da akwai dogon ginshiƙin dutse da aka kafa a shekarun 1860 don tunawa da sojojin Amurka, wanda rubutun jikinsa ya siffanta 'yan asalin ƙasa da mutanen jeji marasa wayewa. Wani ya sassaƙe kalmar a 1974. Ranar 12 ga Oktoba, 2020, masu zanga-zanga suka ɗaura wa ginshiƙin igiya suka kayar da shi, kuma gardama kan makomarsa ta raba kan gari ta kai kotu. Ruwa ba ya tsami banza. Garin da al'ummunsa suka sasanta da tarihinsu ba ya shafe shekaru yana shari'a kan guntun dutse.

Wa ke ƙera, wa ke sayarwa

A ƙarƙashin barandar Fadar Gwamnoni, kowace safiya, masu sana'ar hannu 'yan asalin ƙasa sukan shimfiɗa mayafai su baje sarƙoƙin azurfa da shuɗin dutsen ado da tukwane. Wurin nasu ne su kaɗai, kuma wata kotun tarayya ta tabbatar da hakan a 1979. Ƙa'ida ta ce mai sayarwa ko iyalinsa ne za su ƙera kayan, kuma da ƙuri'a ake raba gurabe idan masu nema sun yi yawa. Wannan yana cikin wurare mafi gaskiya a birnin. Sai dai tsarin zaman kansa yana ba da labari: maƙeri yana zaune a ƙasa cikin sanyin hunturu, shagunan da ke kewaye da dandali kuwa, masu gilashi da na'urar ɗumama ɗaki, mafi yawansu na wasu ne.

Wannan rabo tsoho ne. A 1926 kamfanin Fred Harvey, mai tafiyar da otal ɗin La Fonda da ke kusurwar dandali, ya fara ɗaukar fasinjojin jirgin ƙasa a motoci yana kai su kallon garuruwan Pueblo. 'Yan jagorar kuwa 'yan mata ne Turawa masu ilimin jami'a, da aka sanya musu riguna da kayan azurfa irin na matan Navajo. A daidai wannan zamani, ofishin gwamnatin tarayya mai kula da 'yan asalin ƙasa yana fitar da umarni, a 1921 da 1923, na taƙaita raye-rayen ibadarsu. A makarantar kwana da gwamnati ta buɗe a Santa Fe a 1890, ana aske gashin yaransu ana hana su yarensu. Mutanen da ake tallar hotunansu a tashoshin jirgi ba su samu damar jefa ƙuri'a a jihar ba sai a 1948, bayan da wani tsohon soja ɗan garin Isleta, Miguel Trujillo, ya kai ƙara kotu. Gwamnati tana ƙoƙarin kashe al'adar a gida, kamfani yana sayar da ita a bakin titi.

Labarin Maria Martinez, maginiyar tukwane ta San Ildefonso, ya tattara abin a wuri ɗaya. Ita da mijinta Julian suka fito da baƙaƙen tukwane masu zane baƙi a kan baƙi wajen 1920, aikin da ya farfaɗo da sana'ar a garinsu ya kuma kai sunanta manyan gidajen tarihi na duniya. Amma shekaru da yawa tana sa hannu a gindin tukwanenta da sunan Marie, saboda an ga ya fi daɗi a bakin masu saye. Kasuwa ta buɗe mata ƙofa, ta kuma nemi ta gyara sunanta kafin ta shiga.

Babbar kasuwar fasahar 'yan asalin ƙasa da ake ci duk watan Agusta, wadda aka fara a 1922, tana tara masu fasaha kimanin 1,000 da baƙi wajen 100,000, kuma akwai iyalan da cinikin kwana biyun yake riƙe su tsawon shekara. A gefenta kuma jabu yana cin karensa babu babbaka. Tun 1990 doka ta haramta sayar da kaya da sunan aikin 'yan asalin ƙasa alhali ba nasu ba ne, amma sai a 2018 aka ga ɗaurin kurkuku a kanta a jihar, lokacin da wata kotun tarayya a Albuquerque ta yanke wa wani ɗan kasuwa wata shida saboda sayar da kayan ado da aka ƙera a Filifin. Duk zoben jabu da baƙo ya saya, abincin wani maƙeri na Zuni ko Navajo aka ɗauke.

Titin Canyon, wanda bai kai kilomita guda ba amma yake ɗauke da shagunan zane-zane gommai, unguwar manoma ce jikokin Sifaniyawa, masu shayar da gonakinsu daga tsohuwar magudanar ruwa ta Acequia Madre. Masu zane daga gabashin Amurka suka fara sauka a nan a shekarun 1920 saboda arhar haya. Bayansu dillalan zane suka zo, bayan dillalai kuma attajirai masu neman gidan hutu. Farashin gidaje ya tashi, haraji ya bi shi, iyalai suka sayar suka koma kudancin gari. A yau da yawa daga masu dafa abinci da masu gyaran ɗakunan otal da malaman makaranta da ma'aikatan jinya na wannan birni mai mutum kimanin 87,000 suna zaune a unguwannin titin filin jirgi, inda babu littafin jagora da ke tura baƙo, ko kuma suna zuwa aiki kullum daga Española da Rio Rancho da Albuquerque. A 2023 masu ƙuri'a suka amince da harajin kashi 3 cikin 100 a kan abin da ya haura dala miliyan 1 a cinikin gida, don gina gidaje masu rahusa. An kuma garzaya kotu da shi.

Ƙasar wa?

Fita wajen gari ba ta canza labarin ba. Yankin Abiquiú, arewa da birnin, ana tallarsa da sunan ƙasar O'Keeffe. Georgia O'Keeffe babbar mai zane ce, wannan ba abin musu ba ne. Ta fara yin dogon zama a jihar a 1929, ta tare a 1949, ta rasu a Santa Fe a 1986, kuma a 2014 an sayar da wani zanenta na fure a kan dala miliyan 44.4. Ta zana tsaunin Pedernal sau da yawa har takan ce nata ne. Tsaunin kuwa yana da suna a harshen Tewa tun kafin a haifi kakanninta, kuma daga jikinsa mutanen yankin suka riƙa ɗibar ƙanƙarar dutse ta yin makamai shekaru dubbai. Garin Abiquiú kansa an kafa shi a tsakiyar ƙarni na 18 domin mutanen da ake kira genízaro, wato 'yan asalin ƙasa da aka kama ko aka saya aka raina a gidajen Sifaniyawa a matsayin bayi. Zanen O'Keeffe na wannan yanki kusan babu mutum a cikinsa, duwatsu ne da sarari da ƙasusuwan dabbobi. Hakkin mai zane ne ta zaɓi abin da za ta zana. Laifin yana wuyan masu talla da suka ɗauki zane marar mutane suka mayar da shi taswirar yanki.

Bandelier, inda baƙi ke hawa tsani su leƙa ɗakunan da aka fafe a jikin dutse, mazaunin kakannin mutanen Cochiti da San Ildefonso ne, waɗanda suka zauna a wurin daga wajen 1150 zuwa 1550. Jikokinsu suna nan da rai a 'yan kilomitoci kaɗan daga wurin. Amma da aka keɓe shi a 1916, sunan wani mai bincike haifaffen Suwizalan, Adolph Bandelier, aka sa masa. A kan tudun da ke maƙwabtaka da shi ne garin Los Alamos, inda aka ƙera bam ɗin nukiliya na farko. Masu yawon buɗe ido sukan tsaya a gida mai lamba 109 a titin East Palace cikin Santa Fe, ƙofar sirrin da masana kimiyya suka riƙa bi kafin a haura da su tudun. Ba kasafai ake gaya musu cewa a 1942 gwamnati ta tashi manoma jikokin Sifaniyawa daga tudun da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, alhali makarantar 'ya'yan attajirai da ke wurin ta samu diyya mai kauri. Sai a 2004 majalisar dokokin Amurka ta ware dala miliyan 10 ga iyalansu, bayan mafi yawan waɗanda aka tasa sun riga mu gidan gaskiya.

Hujjar masu kare birnin

Masu kare Santa Fe suna da abin faɗa, kuma adalci ne a saurare su. Za su ce ba don shawarar 1912 da dokar 1957 ba, da tsakiyar garin ta zama kamar kowane birnin Amurka, benayen gilashi da manyan tituna. Za su ce masu zane da marubuta Turawa na Santa Fe da Taos sun tsaya tare da shugabannin Pueblo a 1922 wajen kayar da ƙudurin dokar Bursum, wanda ya so halatta wa baƙi filayen da suka mamaye. Za su ce yawon buɗe ido yana ciyar da dubban iyalai a jihar da take cikin mafi talauci a Amurka, kuma ba don masu saye ba da wasu sana'o'in hannu sun mutu. Za su ƙara da cewa kowace al'ada ƙirƙirarriya ce a wani lokaci: ƙaton mutum-mutumin Zozobra da ake ƙonawa duk shekara don kore baƙin ciki, wani mai zane ɗan Philadelphia, Will Shuster, ya ƙago shi a 1924, yau kuma babu ɗan garin da ba ya jin nasa ne.

Duk wannan gaskiya ne, amma bai amsa tambayar ba. Babu mai cewa a rufe gari ga baƙi, ko a rushe gine-ginen da aka yi wa fenti. Tambayar ita ce wa yake yanke shawarar abin da za a nuna, wa yake ba da labarin, kuma aljihun wa kuɗin yake ƙarewa. Cewa mutum ya samu abin sawa a bakin salati daga cinikin al'adarsa bai zama hujjar cewa an yi masa adalci a rabo ba. Hasali ma, gyare-gyaren da birnin yake alfahari da su yau, daga daina wasan de Vargas zuwa mayar da makarantar kwanan nan hannun gwamnonin Pueblo 19, babu wanda ofishin yawon buɗe ido ya kawo. Masu abin ne suka matsa har aka ba su.

Inda masu gida ke riƙe da makulli

Hujja mafi ƙarfi cewa akwai wata hanya tana da nisan kilomita 110 arewa da birnin. Tsohon garin Taos, mai benayen ƙasa hawa-hawa da aka shafe ƙarnuka ana zaune a cikinsu, ya shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 1992. Yana karɓar baƙi, amma bisa sharaɗin mutanensa. Su suke karɓar kuɗin shiga, 'ya'yansu suke jagora, su suke faɗin inda za a taka da inda ba za a taka ba. Ba a ɗaukar hoton mutum sai da izininsa, ba a ɗauka sam a ranakun ibada. Sun hana wutar lantarki da famfo a cikin tsohon garin don ra'ayin kansu. A ƙarshen hunturu sukan rufe ƙofa makonni da dama domin al'amuran addininsu, ko da motoci nawa ne suka yi layi. Wannan ƙarfin hali yana da tushe. A 1906 gwamnatin Theodore Roosevelt ta ƙwace tafkinsu mai tsarki na kan dutse ta haɗe shi da gandun daji. Shekara 64 suna bin hakkinsu, suna ƙin karɓar diyyar kuɗi, har Shugaba Richard Nixon ya sa hannu a 1970 aka mayar musu da tafkin da eka 48,000. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi kuma ya san ɗakin da ba a shigar da baƙo.

Akwai irin waɗannan wurare a kusa da Santa Fe ga mai son nema. Cibiyar al'adu ta Poeh a Pojoaque ta mutanen Tewa ce, su suke ba da tarihinsu da bakinsu. A tsakiyar birni, daura da babban coci, akwai gidan baje kolin fasahar zamani na cibiyar koyar da fasaha ta 'yan asalin ƙasa da aka kafa a 1962, inda matasa suke zana rayuwarsu ta yau, da motoci da wayoyi da fushi da barkwanci, maimakon hoton da mai saye ya zo da shi a kansa. A Washinton ma, ɗaya daga mutum-mutumi biyu da jihar ta aika zauren majalisa na Po'pay ne, aikin wani masassaƙi ɗan garin Jemez, Cliff Fragua, da aka kafa a 2005.

Darasin bai tsaya a Amurka ba. Tun da tsohon garin Agadas ya shiga jerin UNESCO a 2013, ake ta maganar yadda biranen ƙasar Hausa masu ginin tubali za su janyo baƙi, kuma ƙwararrun da za su rubuta tsare-tsaren, injiniyoyi da lauyoyi da jami'an ma'aikatu, za su iya waiwayar birane irin Santa Fe don neman abin koyi. Abin da ya kamata su ɗauko shi ne tambayoyin da dokar 1957 ta tsallake: ko magina na gargajiya za su ci gaba da samun aiki da almajirai, ko iyalan da ke cikin tsoffin gidaje za su iya zama bayan farashi ya tashi, ko kuɗin ƙofa zai shiga asusun unguwa, da kuma ko masu gari suna da ikon cewa yau ba a shiga.

Shi kuwa matafiyin da Allah ya kai shi Santa Fe, ya je dandali ya ga fadar, ya bi titin Canyon, ya hau tsanin Bandelier. Amma ya sayi abin tsaraba daga hannun wanda ya ƙera, ya tambayi sunansa da garinsu, ya biya farashin da aka faɗa. Ya ci abinci sau ɗaya a kudancin gari, inda ma'aikatan otal ɗinsa suke kwana. Idan ɗan jagora ya kawo maganar shigar de Vargas ta 1692, ya tambaye shi abin da ya faru a Disambar 1693. Idan kuma ya isa Taos ya tarar an rufe ƙofa, ya juya cikin girmamawa ya sake shiri wata rana.